Yadda Za Ka Kafa Sawunba a Bango Ƙarƙashin Talabijin

Talabijin ɗin yanzu ya sirance har babu inda za a sa masa sifika ta kirki. 'Yan ƙananan da ke cikinsa ƙasa suke fuskanta ko baya, shi ya sa hoto zai fito garau amma magana ta riƙa shigewa, balle idan fanka tana juyawa a sama ko janareton maƙwabci yana ta ruri. Abin da ya shigo da sawunba gidajenmu ke nan, wato doguwar sifikar nan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin talabijin. A Bauchi yanzu har cikin kayan ɗakin amarya ana sa ta. Sai dai sau da yawa za ka tarar an rataye talabijin a bango tsaf, ita kuwa an yasar da ita a kan wani teburi can gefe, ko a ƙasa kan tayil, wayoyi suna reto a tsakani. An kashe kuɗi amma rabin amfanin ya tafi, domin bakin mai magana yana wuri guda, muryarsa tana fitowa daga wani wurin daban.

Kafa ta a bango ba wani babban aiki ba ne, huda biyu ne ko huɗu. Abin da ke ɓata shi kusan kullum gaggawa ce: a ɗauki diril kafin a ɗauki tef ɗin awo, a huda bangon da ba a san cikinsa ba. Ranar jere an fi yin wannan, kowa yana so a gama kafin magariba. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan awo da sanin bango, hudar kanta ba ta cin minti goma.

Gwada ta a ƙasa tukuna

Kada ka taɓa bango sai ka ji sautinta. Ɗora ta a kan kwalinta ko a kan kujera ƙarƙashin talabijin, ka haɗa wayoyi, ka kunna. Idan tana da matsala, mai shago ya fi saurin karɓar kayan da ba a ƙarje masa jiki ba. A nan ne kuma za ka gane ko wayoyinka sun kai tsawo, da ɓangaren da ramukan haɗa waya suke a bayanta. Idan ta hannu ce da aka shigo da ita daga waje, karanta rubutun da ke jikinta ko jikin adaftarta kafin ka jona. Wutarmu 230V ce. Wadda aka rubuta wa 100–240V ba ta da matsala, amma wadda aka yi don Amurka mai 120V kaɗai za ta ƙone nan take idan babu na'urar rage wuta.

Sai ka juya ta ka duba baya. Wasu suna da ramuka biyu masu faɗi a ƙasa da siririn wuya a sama, ana rataya su kai tsaye a kan kawunan noti biyu. Wasu kuma ƙananan ƙarafa biyu ne ake fara ɗaurewa a bango sannan a ɗora su a kai. Na LG sun fi zuwa da irin wannan. Zazzage kwalin da kyau. Akwai wata doguwar takarda da ke zuwa a naɗe, mai layin tsakiya da alamar wuraren huda. Mutane da yawa suna zubar da ita tare da leda, alhali ita ce za ta rage maka rabin wahala.

Notunan bango da fisha, wato robar nan da ake bugawa cikin ramin bango ta riƙe noti, ba kasafai ake samunsu a kwali ba, ko sun zo ma yawanci ƙanana ne da ba su dace da bulonmu ba. Ka saya a shagunan kayan gini na wajen Wunti, ka kuma faɗi lamba: "Malam, ba ni fisha lamba 8 guda huɗu da notunanta, da bakin diril na siminti lamba 8." Lambar fisha da ta bakin diril dole su zama ɗaya. Ga ƙaramar sawunba da ba ta wuce kilo 3 ba lamba 6 ta isa, amma ni na fi natsuwa da 8 idan ramin ƙarfen ya yarda. Idan mai ratayuwa ce a kan noti, tafi da awon faɗin ramin, don kan notin ya shiga ta ƙasa ya kuma maƙale a wuyan. Sauran kayan su ne tef ɗin awo, fensir, sukudireba, guduma, salatif na takarda, da ma'aunin nan na magina mai ƙwayar ruwa a ciki. Sannan mutum na biyu. Kada ka raina wannan, mutum ɗaya ba ya riƙe doguwar sawunba ya kuma ja baya ya ga ko ta karkace.

A bango za ta zauna ko a jikin talabijin?

Hanya biyu ce, kuma hangar talabijin ɗinka, wato ƙarfen da ke riƙe shi a bango, ita ce za ta yanke hukunci. Idan hangar mai lafewa ce da bango, ba ta motsi ko ɗan sunkuyawa kawai take yi, kafa sawunbar a bango kai tsaye ya fi kyau da ƙarfi. Idan kuwa mai hannu ce, wadda ake jawo talabijin a juya shi wajen ɗakin cin abinci ko wajen gado, to gara ka nemi ƙarafan da ake ɗaurewa a bayan talabijin su sauko ƙasa su riƙe sawunbar. Da su duk inda allon ya juya sauti zai bi shi. Wannan hanyar ce kuma ta dace da mai haya, irin ɗaliban Yelwa da Gwallameji ko ma'aikacin da bai san yaushe za a yi masa canjin wurin aiki ba, tunda ba sai an ƙara wa bangon mutane rami ba. Idan gidan haya ne kuma ka zaɓi huda, faɗa wa mai gida tukuna. "Alhaji, zan huda wuri biyu a falo, in zan tashi zan toshe in shafe." Wannan kalma guda tana hana rigimar ranar tashi.

Ka san bangonka

Yawancin gidajen Bauchi bulon siminti ne mai rami a ciki, inci 9 a bangon waje, inci 6 a na raba ɗakuna. Abin da fisha take kamawa shi ne filasta da gefen bulon kawai, wanda kaurinsa bai wuce santimita 3 zuwa 5 ba, bayan nan sai fili. Saboda haka doguwar fisha ba lallai ta fi ƙarfi ba. Idan wurin da take buɗewa ya faɗa cikin ramin, babu abin da ta riƙe. Ƙwanƙwasa bangon da gindin sukudireba. Inda ya yi amo rami ne, inda ya yi tauri kuwa ka dace da tsakiyar bulon ko mahaɗarsa. Ba dole ne ka sami wuri mai tauri ba, sawunba ba ta da nauyin da zai kai ga haka, amma sanin zai gaya maka yadda za ka riƙe diril.

Babbar damuwa ita ce bulon da aka yi wa rowar siminti. Za ka gane shi da zarar ka fara huda: bakin diril ya nutse ba turjiya, yashi ya riƙa zuba, ramin ya fi bakin faɗi. A irin wannan bango fara da baki lamba 6 ko da fishar 8 za ka sa, sau da yawa ramin da kansa zai buɗe ya kai. In ya riga ya yi faɗi, kada ka cusa tsinken ashana ko takarda ka ce ya kama. Koma fisha mafi girma, ko ka fere busasshen katako mai ƙwari ka buga shi ciki ya cika ramin dam, sannan ka ɗaura noti a cikinsa. Tsohuwar dabarar kafintoci ce kuma har yau tana aiki.

A tsofaffin unguwannin cikin gari irin su Jahun da Ƙofar Dumi akwai ɗakunan ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti, daga waje ba za ka bambance su da na bulo ba. Idan garin da ke fitowa ja ne, dakata. Fisha ba ta kama ƙasa, kuma girgizar sauti za ta riƙa sassauta ta a hankali har wata rana shafen ya ɓalle da ita. A nan ko dai ka bi hanyar ɗaurewa a jikin talabijin, idan shi kansa an kafa shi da kyau, ko kafinta ya kafa maka faffaɗan katako da dogayen ƙusoshi a wurare da yawa, ka ɗaura sawunbar a jikin katakon. Idan duk babu hali, ƙaramin kabad a ƙarƙashin talabijin ya fi maka kwanciyar hankali, ba abin kunya ba ne.

Sai sababbin gidaje da ake yi wa adon allo a bangon talabijin, na katako ko na roba ko na fi'ofi. Allon ado ne kawai, akwai sarari tsakaninsa da bulo. Nemi inda katakon da ke riƙe da shi ya bi ka ɗaura a can, ko ka yi amfani da dogon noti da zai ratsa ya kama bulon da ke baya. Wanda ya yi adon shi ya fi kowa sanin inda ƙashinsa yake, kira shi ka tambaya. Bangon tayil kuma yana son bakin diril na tayil, a manna salatif a wurin don kada bakin ya zame, kuma a kashe bugun diril har sai an wuce tayil ɗin.

Abu na ƙarshe a kan bango, kuma shi ne wanda ke iya taɓa rai: wayar wuta. A gidan da aka binne wayarin, bututun yakan tashi daga soket ya miƙe sama ko ƙasa, wani lokaci ya bi ta gefe zuwa soket na kusa. To ƙarƙashin talabijin nan ne matattarar soket da wayar dish. Kada ka huda a kan layin da ya miƙe daga kowane soket ko makunni, sama ko ƙasa ko gefe. Wasu masu wayarin ma sukan yanke hanya su bi a karkace don rage tsawon bututu, don haka idan kana iya samun wanda ya yi aikin gidan, tambaye shi. Idan diril ɗinka mai batir ne, kashe wutar gidan gaba ɗaya, har da inbata. Idan mai waya ne, kashe layin falon daga akwatin rarraba wuta ka jawo wuta daga wani ɗakin. Ka ji bakin ya taɓa wani abu mai laushi, ko ka ga ɓarɓashin roba yana fitowa, tsaya nan take ka kira mai gyaran wuta.

Awo

Daga talabijin ake ɗaukar awo, ba daga bango ko tayil ba. Ɗakunanmu ba kasafai suke cika daidai ba, kuma ido talabijin yake kallo ya kwatanta. Saboda haka fara aza ma'aunin ruwa a saman talabijin ɗin. Idan ya ɗan karkace, gyara shi yanzu. Karkatar da ba wanda ya lura da ita shekara guda za ta fito fili ranar da aka shimfiɗa miƙaƙƙen abu a ƙarƙashinta.

Duba tsayinsa kuma. Ƙa'ida ita ce tsakiyar allo ta zo daidai da idon mai zaune, wanda a kan kujerar falo yakan kama santimita 100 zuwa 110 daga ƙasa. A gidajenmu ana yawan kai shi sama sosai, saboda yara ko don na baya su gani, alhali rabin masu kallon ma a kan kafet suke zaune. Idan naka ya yi sama har sai an ɗaga wuya, kuma za ka iya sauko da shi, yanzu ne lokacin, kafin ka ƙara wasu ramukan. Idan ba zai sauko ba, sawunbar ta bi shi can. Kada ka sauko da ita ita kaɗai da nufin ta zo daidai kunne. Raba ta da hoton ya fi ɗan tsayin illa.

Tazarar da za ka bari tsakanin gindin talabijin da saman sawunba ita ce zuciyar aikin. Littafin Samsung yana cewa santimita 5 ko fiye, kuma wannan awo ne mai kyau ga yawancinsu. Ni nakan bar 7 zuwa 8, ga dalili. Idon rimot na talabijin a gefen ƙasa yake, sawunba kuma ta fi talabijin turowa gaba, idan ta matse shi wanda ke zaune a ƙasa zai yi ta danna rimot ba ya ci. Maɓallan sawunbar ma a samanta suke, yatsa yana buƙatar wurin shiga. Kuma hangar talabijin tana da notunan kulle ko igiyoyi a ƙasa, waɗanda sai an zura hannu ko dogon sukudireba ake kai musu. Ɗaure su tun yanzu, ka kuma bar wurin da za a kwance su wata rana. Idan sawunbarka mai Dolby Atmos ce da sifiku a samanta masu harba sauti zuwa silin, ba ta santimita 10 ko fiye, in ba haka ba sautin da ka biya kuɗinsa zai ƙare a gindin talabijin.

Ga misali. Talabijin inci 55 faɗinsa kusan santimita 123 ne, tsayinsa kusan 71. Idan tsakiyarsa tana 110, gindinsa yana wajen 75. Cire 7, saman sawunba ya zo 68. Sai ka auna daga saman sawunbar zuwa wuyan ramin ratayawa, wato siririn wurin da noti zai tsaya, ba faffaɗan ba. A ce santimita 2 ne. Layin hudarka yana 66, wato santimita 9 daga gindin talabijin. Mutane da yawa suna aunawa da faffaɗan wurin, sai bayan an rataya ta sauka ƙasa da inda aka so.

Yanzu nemo tsakiya. Auna faɗin talabijin ka raba biyu, ka manna salatif a bango ƙarƙashinsa, ka ja layi a tsaye. Kada ka dogara da tambarin kamfani, wasu a gefe suke sa shi. Idan kana da takardar nan ta kwali, daidaita layin tsakiyarta da naka, ka aza ma'aunin ruwa, ka manne ta, ka soka fensir a wuraren huda. Idan babu, manna dogon salatif a bayan sawunbar, ka yi alamar tsakiyarta, ka huda shi daidai wuyan ramukan biyu, ka ɓanɓaro ka manna a bango. Amma lura da wani abu: idan nisan ramukan daga tsakiya ba ɗaya ba ne, sai ka juya salatif ɗin, ƙarshen dama ya koma hagu, domin daga baya ka ɗauki awon, ita kuwa gabanta za ta ba ka.

Kafin ka ɗauki diril, auna daga gindin talabijin zuwa kowace alama. Lambobin biyu su zama ɗaya. Sannan abokin aikinka ya riƙe sawunbar a wurin, kai kuma ka je ka zauna inda ka saba zama, ka duba, ka gwada rimot. Ka kira uwargida ma ta gani, ita ce ta fi kowa zama a ɗakin.

Huda da ratayawa

Lulluɓe talabijin da zane, domin garin siminti yana shiga ta ramukan iskarsa. Manna ambulan ko leda a ƙarƙashin alamar ta tare garin. Auna tsawon fisha a jikin bakin diril, ka ƙara kamar santimita 1, ka naɗa salatif a wurin don ka san inda za ka tsaya. Ɗan buga ƙusa a kan alamar ta yi gurbi, saboda kada bakin ya yi yawo. Fara huda ba tare da bugu ba har ka wuce filasta, sai in bulon ya yi gardama ka kunna bugun, kuma kada ka danna da ƙarfi. Bugu mai yawa yana farfasa gefen bulon daga ciki, ya rage naman da fisha za ta kama. Riƙe diril a miƙe, kada ya kalli sama ko ƙasa.

Huda rami ɗaya tukuna, ka fitar da garin, ka buga fisha har ta shafe da bango, ka sa noti. Sannan ka sake aza ma'auni daga wannan notin zuwa alama ta biyu. Bakin diril yakan ɗan goce, kuma gyara alamar fensir ya fi gyara rami sauƙi.

Idan mai ratayuwa ce a kan noti, kada ka ɗaure notin ya shige duka, bar kansa a waje kamar milimita 3 zuwa 5. Gwada ratayawa. Ta ƙi shiga, kwance kaɗan. Tana girgiɗi, ƙara ɗaurewa rabin juyi, har sai ta shiga da ɗan ƙarfi ta zauna daram. Idan mai ƙarafa ce, ɗaure su amma ka bar ɗan sassauci, ka daidaita da ma'auni, sannan ka ƙarasa. Da hannu ake ƙarasa ɗauri, diril yana wuce gona da iri ya cinye fisha. Kafin ka ɗora komai, kama ƙarfen ka ja shi ƙasa da ƙarfin da ya fi nauyin sawunbar. A tsayin santimita 60 zuwa 70 daidai hannun yaro mai koyon tafiya take, kuma zai kama ta ya miƙe, babu makawa. Duk wani notin da aka tanada don kulle ta a jikin ƙarfen, sa shi.

Jona wayoyi a bayanta kafin ka rataya, domin bayan ta lafe da bango hannu ba ya shiga. Idan kan wayar yana tokare bango, akwai ɗan mahaɗi mai lanƙwasa da ake sayarwa, ya fi ka tanƙwara wayar da ƙarfi.

Idan a jikin talabijin za ka ɗaura

Bayan kowane talabijin akwai ramukan noti huɗu a kan awon da ake kira VESA, kamar milimita 200 da 200, ko 400 da 400. Su hanga take kamawa, su kuma ƙarafan sawunba za su raba da ita. Fara duba nauyin da aka rubuta hangar tana ɗauka, ka haɗa na talabijin da na sawunba ka ga ba su kusanci iyakar ba, musamman mai hannu idan an miƙe ta. Mutum biyu su sauke talabijin, a kife shi a kan katifa ko bargo mai laushi, ba a danna allon. Kwance ƙarafan hanga, ka shimfiɗa na sawunba a ƙarƙashinsu, ka mayar. Tunda an ƙara kauri, tsohon notin zai iya gajarta. Ƙananan talabijin M4 suke ci, matsakaita M6, manya M8. Sabon notin ya fi tsohon da kaurin ƙarfen da ka ƙara kawai. Wanda ya wuce haka yana iya tokarar kayan ciki ya lalata allon, kuma wannan asara ce da ba ta gyaruwa da arha. Ka ji noti ya tsaya alhali ƙarfen bai matse ba, kada ka tilasta, fito da shi ka sa washa.

Wayoyi da saiti

Hanya mafi kyau ita ce HDMI, amma ba kowane rami ba. Nemi wanda aka rubuta wa ARC ko eARC a bayan talabijin, shi kaɗai ke mayar da sauti zuwa waje, ka haɗa shi da mai irin wannan rubutun a sawunba. ARC ya zo da HDMI 1.4 a 2009, eARC kuma da HDMI 2.1 a 2017, don haka galibin talabijin da ke kasuwa yanzu suna da ɗaya daga ciki. Dikodar DStv ko GOtv ko StarTimes ta koma wani ramin HDMI ɗin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tarar dikoda ta riga ta zauna a ramin ARC, a sa sawunba a na kusa da shi, a yi ta mamakin shiru.

A cikin saitin sauti na talabijin, mayar da mafitar sauti zuwa ARC, sannan ka kunna CEC, wanda shi ke sa rimot ɗaya ya riƙa ƙarawa da rage murya, su kuma kunnu tare. Samsung suna kiransa Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync. Idan an haɗa komai daidai amma babu sauti, ko yana yankewa, mayar da nau'in sautin zuwa PCM ka gani. In ya ƙi, zare duka biyun daga soket na minti ɗaya ka mayar.

Talabijin da ba shi da ARC sai a bi ta wayar optikal, mai fitar da jan haske. Cire 'yan murafun robar da ke kawunanta, kuma kada ka lanƙwasa ta sosai, tana karyewa daga ciki. Sautinta yana da kyau, sai dai ba ta ɗaukar Atmos, kuma yawanci rimot biyu za ka riƙe. Bluetooth ka bar wa waya da karatu da wa'azi. A kallo yana jinkiri, za ka ga an buga ƙwallo kafin ka ji ƙarar bugun. Idan ko da waya baki yana riga murya ko murya tana riga baki, akwai wurin daidaita jinkirin sauti a saitin.

Wayoyin da suka sauko ka rufe su da tirankin na roba, ka shafa masa fentin bangon. Wayar wutar sawunba ba a binne ta cikin filasta; idan kana son kada a ga komai, mai wayarin ya fitar maka da soket a bayan talabijin. Adafta kuma kada a bar ta tana lilo da nauyinta a bakin ramin, ɗaure ta a jikin hanga.

Wufa, wuta da ƙura

Wufa, wato akwatin sifikar nan mai fitar da rugugi da ke zuwa tare da wasu sawunba, a ƙasa take zama, gefen talabijin, da ɗan sarari tsakaninta da bango, ba cikin rufaffen kabad ba. Ko da marar waya ce tana buƙatar soket nata. Kusurwar ɗaki tana ƙara mata rugugi, wani lokaci har ya danne magana, don haka matsa da ita ka saurara. Idan tana yankewa, nesanta ta da na'urar intanet. A gidan da ake raba bango da maƙwabta, rugugin wufa ya fi komai ratsawa, kai ba ka jin ya yi yawa amma na bayan bangon ba ya barci. Rage ta da dare, yawancinsu suna da saitin dare da na fito da murya, kuma su ne suka fi amfani wajen labarai.

Talabijin da sawunba da wufa duk su bi ta na'urar kariya mai jinkirta shigar wuta, ko sitabilaiza idan wutar unguwarku tana yawan hawa da sauka, domin lokacin da aka dawo da wuta ko aka juya zuwa janareto ne kaya suka fi ƙonewa. Da damina kuwa, idan hadari ya haɗo da tsawa, zare filogi ka kuma kwance wayar dish daga dikoda. Wutar tsawa tana iya biyo wannan wayar ta shiga dikoda, ta bi HDMI zuwa talabijin, daga nan ta wuce sawunba. Duk lokacin da za ka zare ko ka jona HDMI, kashe kayan tukuna.

Ƙurar hunturu tana taruwa a saman sawunba da ragar gabanta. Busasshen tsumma ko burushi mai laushi ya isa, banda ruwa, kuma a rufe ta da ƙyalle idan za a yi shara ko tafiya, a cire kafin a kunna.

Bayan mako biyu, kunna wani abu mai ganga ka ƙara murya, ka dafa sawunbar da tafin hannu. Idan akwai karkarwa kuma ta tsaya da ka dafa, sauke ta ka ƙara wa notunan rabin juyi, ka manna 'yan guntayen roba ko soso mai tauri a bayanta inda take taɓa bango. Idan karkarwar ba ta tsaya ba, ba daga ita ba ne: duba tirankin, da firam ɗin hoto ko agogon da ke jikin bangon, da gilashin taga.